Me ya sa ake ce mana 'yan Najeriya?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa har yau ake kallon Bahaushen Garwa ko Marwa, a nan arewacin Kamaru, kamar ɗan Najeriya da ya zo ci-rani. Abin yana da tushe. A ƙuri'ar raba gardama ta 1961, arewacin Kamaru da ke hannun Ingila ya zaɓi Najeriya, Mubi ta bi can, Ahidjo kuwa, shugaban Kamaru na lokacin, ya sa ƙasa zaman makoki. Dangi ɗaya suka wayi gari da tuta biyu. Daga baya ga rikicin Bakasi da Darak ta Tafkin Chadi, wanda kotun duniya ta yanke a 2002. Duk sanda gwamnatocin nan biyu suka ɓata, mu ake fara harara.

Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne katin ɗan ƙasa. Dattijon da aka binne cibiyarsa a Garwa ya bi layi tun asuba, a ce sai ya kawo takardar haihuwar mahaifinsa, alhali a zamaninsu ba wanda ya rubuta haihuwa a ƙauye. Wallahi wannan zalunci ne. Don Allah ka yi wa 'ya'yanka takardar tun suna goye, kar ka bari sai jarrabawar CEP ta kammala firamare ta zo, lokacin sai an shiga kotu.