Daga Sakkwato, ina za a je a ga Sahara?

Malam, ka tambaya ina Basakkwace zai je ya ga hamada ta sosai. Ni dai Agadas zan ce maka. Ka bi ta Illela, ka tsallaka Ƙonni, ka wuce Tawa, sai Agadas. Can za ka ga tsohon masallaci ginin laka mai hasumiya ta kusan mita 27, wanda aka gina a 1515. A 2013 UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Tudun rairayi kuwa sai Tenere, bayan duwatsun Azbin.

Ka tafi da sanyi, Disamba ko Janairu, da rawani da bargo, don daren can ba wasa. Ka fara bincika halin tsaro da iyaka, kuma kada ka shiga daji ba jagora Buzu.