Fila da fandisho: amsoshin tambayoyinku kan ginin bene

Wasiƙun wannan makon a kan bene suka taru, kamar an haɗa baki. Na zaɓi uku, kuma ta farko ce za ta ci mana wuri, don a kanta aka fi yin asara.

Assalamu alaikum Injiniya. Ina da fili ta wajen da gari ke gangarawa fadamar Rima, ina son in tada bene hawa biyar, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama. Maginina, wanda ya yi mani gida biyu ba wanda ya tsage, ya ce awon ƙasa ɓarnar kuɗi ce, fila mai inci tara da rodi huɗu ta isa. Mi kag gani? Alhaji, daga Mabera, Sakkwato.

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah shi sa albarka a wannan niyya. Magininka ba ƙarya ya yi maka ba, iyakar abin da ya sani ya faɗa. A gidan ƙasa bango ne ke ɗaukar rufi, fila ɗan taimako kawai take yi. A bene kuwa bango ya zama kaya, shi ma ɗaukarsa ake yi. Dakin, wato shimfiɗar kankaren da ke raba hawa da hawa, ya sauke nauyinsa a kan bim, wato gadar kankaren da ke kwance tsakanin filoli, bim ya miƙa wa fila, fila ta kai fandisho, fandisho ya danƙa wa ƙasa. Ko'ina aka samu rago a wannan layin, nan ginin zai karye.

Mu yi ɗan lissafi, tun da kai ɗan kasuwa ne. Dakin mai kaurin inci shida, kowace murabba'in mita ɗaya tana da nauyin kilo 360. In tazarar filolinka mita huɗu-huɗu ce, filar tsakiya tana ɗauke da murabba'in mita 16, wato kilo 5,760, nauyin buhun siminti 115 ke nan. Wannan hawa ɗaya ne, kuma ba mu sa bulo ba, ba tayil, ba mutane, ba kayan ofis, ba tankin ruwa. Ninka shi har sama, ka ga abin da filar da ke cikin shagon ƙasa za ta kwana da shi a ka shekara da shekaru. Shi ya sa a zane mai kyau za ka tarar filolin ƙasa sun fi na sama kauri da yawan rodi. Wanda ya ce maka awo ɗaya tun daga ƙasa har rufi, kintace yake yi.

Sai ƙasa, wadda ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Ƙasar Sakkwato ba iri ɗaya ba ce. Wajen Kalambaina akwai dutsen farar ƙasa, shi ne ma ya kawo kamfanin siminti can. A tudu za ka samu jan marmara mai tauri. Wasu wuraren laka ce mai kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke ta dare in rani ya yi. Gefen fadama kuwa rairayi ne da taɓon da gulbi ya daɗe yana jibgewa, ga ruwa kusa. Wanda ya ga ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Na taɓa tsayawa bakin wani rami a watan Afrilu, lebura na dukan ƙasa da diga tana dawo masa kamar ya bugi ƙarfe. Mai aikin ya dube ni yana murmushi, wai ina bukatar awo a nan? Na koma a Agusta, na cusa guntun rodi a wuri guda da hannu ɗaya, ya shige kamar cikin tuwon da ya kwana a ruwa. Idon magini ƙasar rani yake gani, kuma iyakarsa ƙafa huɗu ko biyar. Nauyin hawa biyar yana sauka nesa da nan.

Masu awon ƙasa za su huda filin a wurare da yawa, su ɗebo samfuri daga zurfi daban-daban, su ba ka rahoton nauyin da ƙasar za ta iya ɗauka da inda ruwa yake. Daga wannan takardar ake zaɓar fandisho. Ƙasa mai ƙarfi, kowace fila a yi mata dasashinta na kankare shi kaɗai. In mai laushi ce, a shimfiɗa kankare guda ɗaya mai kauri a ƙarƙashin ginin gaba ɗaya, wanda injiniyoyi ke kira raf, don nauyi ya bazu. In ta yi laushi ainun, sai a kafa turakun kankare su nutse har inda ƙasa ta yi tauri. Burj Khalifa na Dubai, mai tsawon mita 828, haɗa biyun aka yi masa: shimfiɗa mai kaurin mita 3.7 a kan turaku sama da 190. Naka bai kai can ba, amma a bakin fadama kada ka yi mamaki in an ce maka raf, kuma kada ka yi ciniki a kansa kamar kana taya shadda.

Abu ɗaya kuma: shagunan ƙasa. Kowa na son su a buɗe, ba bango, gilashi kawai. Hakan na mayar da hawan ƙasa mafi rauni alhali shi ya fi ɗaukar kaya. Maganinsa bangon kankare mai rodi, galibi a kewayen matattakala ko ramin lifta, shi ke hana dogon gini karkata in iskar farkon damina ta taso. Ka nemi injiniyan gine-gine mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Nijeriya, ya sa hatiminsa a zane da lissafi, a kai hukumar tsara birane ta jiha a samu izini. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya ci rayuka sama da 40, kuma ba rashin kuɗi ne ya kada shi ba. Magininka kuwa riƙe shi, mai gaskiya yana da wuyar samu. Ya bi zane kawai.

Injiniya, mun gaji bene hawa ɗaya daga maigidana, Allah shi jiƙan shi. Akwai rodi da aka bari a tsaye bisa rufi. Ina son in ƙara hawa biyu don haya, in kuma cire wata fila da ta tare tsakiyar shago. Hajiya, daga Arkilla.

Allah ya gafarta masa, Hajiya, ya raya abin da ya bari. Filar nan kada a taɓa ta, ko da an ce za a sa ƙarfe a madadinta, sai injiniya ya zo ya lissafa. Rodin da ke bisa rufi kuwa buri ne na marigayi, ba shaida ba ce cewa an yi fandishon hawa uku. Ki nemo zanen asali in yana nan. In babu, za a tona gefen fila ɗaya ko biyu a ga faɗin dasashi, a gwada ƙarfin kankaren, a gano yawan rodin da ke ciki. Wani lokaci ana iya yi wa fila riga, wato a kewaye ta da sabon rodi da kankare, a faɗaɗa dasashinta. Wani lokaci kuma kuɗin haka ya fi na sayen wani fili. Dukiyar marayu ce, a fara da awon.

Ranka ya daɗe, ni ke kula wa yayana da ke Abuja aikin bene hawa uku. Zane ya ce rodi mai kaurin milimita 16 a fila, amma ya yi tsada. Mai shago ya ce 12 ma zai yi. Kuma watan Afrilu za mu zuba dakin. Ƙaninka, daga Gawon Nama.

Ƙanena, mai shago kayansa yake sayarwa. Tsakanin 12 da 16 ba bambancin huɗu ba ne. In ka yanka su ka dubi fuskar, ta 16 murabba'in milimita 201 ce, ta 12 kuwa 113, wato da ƙyar ta wuce rabi. In 16 ya gagara, injiniyan da ya yi zanen ne zai sake lissafi, ba kai ba, ba mai ɗaurin rodi ba.

Ko 16 ɗin ma kada ka yarda da suna. Kasuwa cike take da rodi mai ramammen jiki. Je da sikeli: sanda ɗaya mai tsawon mita 12 ta 16 tana kusan kilo 19, ta 12 kuma kilo 10 da rabi da ɗan ɗori. Wadda ta gaza sosai, bar masa abinsa. A babban aiki irin naku a yanki guntaye a kai ɗakin gwaji a ja su a ga inda za su tsinke. Ka kuma tsaya da kanka ranar ɗauri, ka ƙirga zobban da ke kewaye da rodin fila, don nan ake yawan sata, a buɗa tazara a rage ƙarfe. A sa 'yan ƙananan kankare tsakanin rodi da katako, kada ƙarfe ya leƙo waje ya yi tsatsa.

Afrilun Sakkwato kuwa, da zafi ke haura digiri 40, abokin gābar kankare ne. Lebura zai ga kwaɓi na saurin ƙamewa ya ƙara ruwa, kuma kowane bokitin ƙari ƙarfi yake ragewa. A ginin Burj Khalifa da dare suka riƙa zubawa, har da ƙanƙara a cikin kwaɓin. Ku fara bayan la'asar ko da asuba, a jiƙa tsakuwa, a ajiye ruwa a inuwa, a cika 'yan akwatunan gwaji da za a fasa a kwana 7 da kwana 28. Da ya fara kamawa a rufe shi da buhunan algarara jiƙaƙƙu, a yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda. Ka yi cinikin tankar ruwan tun yanzu, kafin ka biya kuɗin siminti.