Ko Larabcin wata uku ya isa mutum ya fassara Alƙur'ani da kansa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Gusau, shekarata 41. Na sauke Alƙur'ani tun ina yaro, amma har yau idan liman yana karatu a tarawihi sai in ji na kusa da ni yana kuka, ni kuwa ban san abin da ake faɗi ba. Wallahi ina tsoron in mutu ban san abin da nake gaya wa Ubangijina a salla ba. Ƙanena ya yi wani kwas na Larabci na wata uku ta WhatsApp, yanzu ya ce ba ya buƙatar tafsirin kowa. Har ya ce wa mahaifinmu ayar alwala shafar ƙafa ta ce a yi, ba wanki ba. Shin girma bai kama ni ba? Kuma in shiga irin kwas ɗinsa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, wannan tsoro naka alheri ne, Allah Ya ƙara mana irinsa. Girma bai kama ka ba. Ina da ɗalibai masu furfura da suka fara bayan sun yi ritaya, kuma wanda ya riga ya sauke ya fi kowa saurin kamawa, domin kunnensa ya san inda rufu'a take da inda fataha take tun kafin a gaya masa dalili. Ka fara da Durusul Luga na Dakta Abdur Rahim, juzu'i uku ɗin nan da ake koyarwa da su a Jami'ar Madina, sannan ka zauna gaban malami ka karanta Ajurruma, ƙaramin littafin nahawu, ka haɗa da ɗan sarfu, wato ilimin yadda ake gina kalmomi. Rabin awa bayan asuba kullum ya fi awa biyar ranar Asabar. Idan ka dage shekara ɗaya zuwa biyu, za ka ji Suratu Yusuf tana shiga kunnenka kamar ana ba ka labari. Kafin lokacin, ka ajiye tarjamar Sheikh Abubakar Gumi ko ta Sheikh Nasiru Kabara kusa da kai, ka duba ma'anar surorin da kake salla da su. Wannan tun daren yau za ka iya farawa.

Yanzu bari in zo kan ƙanenka, domin shi ne ya fi tayar mini da hankali, kuma kusan kullum sai na haɗu da irinsa.

Ayar da yake magana a kai ita ce ta 6 a Suratul Ma'ida. Ya ga "wamsahu bi ru'usikum wa arjulakum", ya san kalmar shafa, ya san kai, ya san ƙafa, sai ya jera su yadda suka zo: ku shafi kawunanku da ƙafafunku. To ya koma ya dubi lamun da ke cikin "arjulakum". A Warshu da muka taso da ita da Hafsu da ta yaɗu yanzu, duka biyun fataha ce a kanta. Fatahar nan tana mayar da ƙafafu can baya zuwa ga "fagsilu wujuhakum", wato cikin gaɓoɓin da ake wankewa. Da kalmar tana bin kai ne a shafa, da kisra za ta ɗauka. Na'am, akwai ƙira'a ingantacciya da kisra, ta su Ibn Kasir da Hamza, kuma malamai sun daɗe da yin bayaninta, wasu suka ɗora ta a kan shafar huffi. Amma ƙanenka bai ma san da wannan ƙira'ar ba, wasali ɗaya kawai ya tsallake. Ga kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Annabi (SAW) ya ga wasu sun bar dugadugansu ruwa bai taɓa ba, ya ɗaga murya ya ce azabar wuta ta tabbata ga dugadugan. Da wannan guntun karatu yake so ya ɓata wa dattijo alwalar da yake yi daidai shekara da shekaru!

Abin da nake so ka riƙe shi ne, ko da ƙanenka ya haddace Alfiyyar Ibn Malik, waƙar nahawu mai baiti dubu, harshe kaɗai ba ya isa. Adiyyu ɗan Hatim Balarabe ne ɗan Balarabe, shugaban ƙabilar Ɗayyi. Da aya ta 187 ta Baƙara ta ce a ci a sha har farin zare ya bayyana daga baƙin zare, sai ya sami igiya baƙa da fara ya sa ƙarƙashin matashinsa yana dubawa cikin dare. Sai da Annabi (SAW) ya gaya masa cewa duhun dare da hasken alfijir ake nufi. Urwa ɗan Zubairu, ɗaya daga manyan malaman Madina, ya karanta aya ta 158 ta Baƙara a kan Safa da Marwa, inda aka ce babu laifi ga wanda ya yi ɗawafi tsakaninsu, sai ya fahimci ashe wanda ya bar sa'ayi ma ba komai. Nana A'isha, 'yar'uwar mahaifiyarsa, ta ce masa bai faɗi daidai ba, ta bayyana masa cewa ayar ta sauka ne a kan mutanen Madina da suke jin nauyin sa'ayin saboda abin da suka saba a jahiliyya. Larabcin waɗannan bayin Allah ya fi na duk wani mai koyarwa a waya yau, amma sai da suka buƙaci wanda ya san sababin saukar aya da yadda Annabi ya aikata ta.

Shi ya sa raina yake ɓaci da masu tallar nan. Mutum ya zana hoto mai kyau, ya rubuta "Fahimci Alƙur'ani cikin kwana casa'in ba tare da malami ba", ya sa lambar asusu a ƙasa. Ya tara ɗaruruwan mutane a zaure ɗaya na WhatsApp, ya riƙa turo murya, babu mai tashi ya yi i'irabin jumla ɗaya a gabansa, wato ya faɗi matsayin kowace kalma da dalilin wasalinta, a gyara masa. A ƙarshe ya turo satifiket. Ka tambayi shi kansa wa ya karantar da shi, sai ya fara kame-kame. Haka wanda ya yi shekara goma yana aiki a Jidda ya dawo da Larabcin kasuwa, wanda ba a furta wasalin ƙarshen kalma a cikinsa, alhali a wasalin nan hukunci yake. Ban ce koyo ta waya haramun ba ne, akwai malaman kirki da suke koyarwa a can. Alƙawarin ƙaryar nake ƙi, da raba yara da malamai. Sheikh Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya wallafa Bahrul Muhiɗ a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu, amma da ya zo rubuta tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, maganganun malaman tafsiri da suka gabace shi ya bi yana tacewa. Wanda ya fi mu Larabci nesa ba kusa ba ke nan. Mu ji tsoron Allah, faɗin "Allah Ya ce" alhali bai ce ba ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk wanda ya bi fatawar ya yi salla da gurguwar alwala, mai fatawar yana da kamasho.

Saboda haka kada ka shiga kowane kwas sai ka tabbatar malamin zai saurari karatunka ya gyara, kuma an san inda ya yi nasa karatun. Ƙanenka kuma kada ku yi masa tsawa a gaban mutane, zai ƙara taurin kai ne. Ka ja shi ku tafi darasin Ajurruma tare, ka roƙi malamin ya sa shi i'irabin ayar alwala idan kun iso babin aɗafi, wato haɗa kalma da wata da harafi irin su "wa". Baba kuwa ka gaya masa yau ɗin nan ya ci gaba da wanke ƙafafunsa har idon sawu, yana tsettsefe yatsu. Wallahu a'alam.