Tambayi Likita: Ciwon hanjina ya dawo bayan na bar magani

Assalamu alaikum Likita. Bara aka duba mini hanji da na'ura, aka ce ina da ciwon kumburin babban hanji, kolaitis. An ɗora ni kan sulfasalazine, na ji sauƙi sai na bari. Yanzu zawo da jini ya dawo. Surukata ta ce basir ne, ta kawo jiƙo. Ni kuma don tsoro koko kawai nake sha, har na rame. Me zan ci, kuma yaya zan yi? Daga wata mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Wa'alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya, Malama.

Barin maganin nan shi ne ya fi damuna a wasiƙarki. Kolaitis da ɗan'uwansa ciwon Kuron (Crohn's), wanda shi ma kumburin hanji ne, garkuwar jiki ce ke juyawa tana yaƙar hanji, ciwon ya lafa ya sake tashi. Sulfasalazine ko mesalazine aikinsu hana kolaitis tashi, don haka ana shan su ne har a lokacin da mutum yake jin garau. Ki koma wurin likitanki cikin makon nan, ki nemi a gwada bayan gidanki. A nan yankinmu atini yana kama da tashin wannan ciwo, kuma maganinsu daban. In an ba ki prednisolone, maganin kwantar da kumburi, na 'yan makonni ne, ana rage shi a hankali, ba a yanke shi rana ɗaya. Ki tambaya a haɗa miki da folic acid, domin sulfasalazine yana rage shi a jiki.

Batun Hajiya surukarki, na san kulawa ce, ki yi mata godiya. Amma da yawan jiƙon basir da ake talla a kasuwa sa zawo yake yi, ke kuma zawon ne ciwonki. Haka ibuprofen da diclofenac da ake miƙa wa kowa a kemis: suna iya tayar da kumburin. Ciwon kai ko na jiki, paracetamol ya wadatar. Maganin tsayar da zawo kuwa kada ki sha muddin akwai jini ko zazzaɓi.

Sai abinci. Ba abinci ne ya sa miki ciwon ba, kuma koko kaɗai ba zai riƙe mai zubar da jini ba. Kwanakin da cikin yake a tashe, ki ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida: tuwon shinkafa mai laushi da miyar da ba yaji, faten dankali, ayaba, dafaffen ƙwai, kifi ko farfesun kaza marar barkono. Ki ɗan jingine kwaɗon zogale da rama, wake, gyaɗa, tsire da kilishi. In ciki ya kwanta, ki riƙa dawo da su ɗaya-ɗaya, kina rubuta abin da kika ci da yadda kika kwana. Hura da nono fa? Ban isa in raba Basakkwaciya da ita da baki kawai ba. Wasu madara tana kumbura musu ciki, wasu ko a jikinsu, kindirmo kuma ya fi saurin karɓuwa. Ki dama taki a gida da ruwa mai tsabta, ki rage kayan yaji, ki gwada rabin kofi ki gani.

Zafin Afrilu da Mayu a garin nan yana wuce digiri 40, ga zawo, ruwan jiki ba ya daɗewa. Ki ajiye ORS, wato haɗin gishiri da sukari na masu zawo, a gida. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Ki ce a duba yawan jininki, zubar da jini irin wannan sau da yawa yana jawo ƙarancin jini da kasala. Idan kuwa bayan gida da jini ya kai sau shida a rana, ga zazzaɓi, ko zuciya na bugawa da sauri, ko ciki ya kumbura yana ciwo sosai, kada ki jira ranar ganin likita. A kai ki sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Danfodiyo ko mafi kusa da ku, ko da tsakar dare ne.