Wa ke kula da gidajen da matan da ake duka ke fakewa?

'Yar'uwa, kin tambaya wace hukuma ce ke sa ido kan waɗannan gidaje, kuma kuɗinsu daga ina yake zuwa. A Najeriya abin a rarrabe yake. Dokar VAPP ta 2015, wadda ta haramta cin zarafin mutane, ta ɗora wa NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, aiwatar da ita, amma a Abuja kawai. Kowace jiha sai majalisarta ta yi tata. Legas ma ta kafa hukuma sukutum, DSVA, mai yaƙi da cin zarafi a cikin gida da na lalata, a 2021.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Ma'aikatar mata ta jiha za ta sa gidan a kasafi, sakin kuɗin kuwa sai a yi ta jira. Na taɓa raka wata maƙwabciyata wani gida irin wannan, muka tarar da katifu a ƙasa, mai kula da wurin tana sayen garin kwaki da kuɗin aljihunta. Ƙungiyoyin agaji ne ke rufa asiri.

Ingila ta ɗaure abin da doka: tun 2021 wajibi ne ƙananan hukumomi su tallafa wa masu fakewa, gwamnatin tsakiya kuma ta ware musu fam miliyan 125 a shekarar farko. Tunda ke za ki buɗe irin wannan gida, fara da ma'aikatar mata ta jiharku, ki nemi yarjejeniya a rubuce.