Mujallar da ake rabawa kyauta, a biya mata kuɗi ko a bari?

Wasiƙun wannan mako sun karkata ne kan kwamfuta, musamman manhajojin nan da ake kira buɗaɗɗu, waɗanda masu su suka yarda kowa ya sauke, ya leƙa yadda aka rubuta su, ya gyara, ya ba wani. Ga waɗanda na zaɓo.

Tambaya, daga wani ɗalibi a Zariya: Malam, kusan duk wata ina sauke mujallar Full Circle a wayata, kyauta. A ƙarshen kowace fitowa sai na ga suna neman gudummawar kuɗi. Ni kuwa kuɗin makaranta ma da ƙyar ake haɗawa. Ina cin haƙƙinsu ne idan ban biya ba?

Amsa: Ka kwantar da hankalinka, ƙanena, babu haƙƙin kowa a wuyanka. Tun 2007 wannan mujalla take fitowa wata-wata a kan Ubuntu da danginsa na Linux, wato buɗaɗɗiyar manhajar da take tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, kuma 'yan sa-kai ne suke rubuta ta. Da kansu suka ɗora mata lasisin Creative Commons, wanda ya ba ka damar karantawa, ka kwafa, ka tura wa abokin karatunka, muddin ka ambaci masu aikin. Abin da aka miƙo maka da hannu biyu ba sata ba ne.

Amma kada ka ɗauka roƙon nasu na wasa ne. Mujallun wannan fage mutuwa suke yi. Linux Journal ta Amurka ta fara a 1994, ta daina fitowa a takarda a 2011, a 2019 kuma aka sallami ma'aikatanta. Linux Format ta Ingila, wadda ta fara a 2000, ta rufe a 2025. Waɗannan ma sayar da su ake yi, ballantana wadda take rabawa a banza, tana biyan kuɗin wurin ajiyarta a intanet daga aljihun masu taimako. Saboda haka ga yadda nake gani. Ɗalibi ya fara da ciki, da kuɗin makaranta, da data. Wanda kuwa yake samun abinci da ilimin da ya koya a ciki, yana gyara wa mutane kwamfuta ana biyan sa, to ya dace ya tura wani abu ko sau ɗaya a shekara. Kai a yanzu kana da abin da ya fi dala biyu daraja: suna karɓar rubutu daga masu karatu. Rubuta musu yadda ake amfani da Linux a inda wuta take zuwa ta tafi, data kuma take tsada. Ba su da masu ba su irin wannan labari da yawa.

Ranar da ka samu hali, ka lura da abu guda. Gudummawa ta Patreon, shafin intanet da suke karɓar taimako ta kansa, wata-wata ake cire ta daga katinka har sai ka je ka dakatar da kanka, kuma a kuɗin waje ne, banki zai lissafa maka da nasa farashin canjin. Ka san nawa ne a naira kafin ka danna.

Tambaya, daga wani mai shagon buga takardu a Kano: A wani zauren WhatsApp akwai mai sayar da tarin mujallun Linux, duk fitowar shekaru, naira dubu uku. Ya ce zai haɗa min da Windows da Office da CorelDRAW waɗanda aka riga aka fasa musu lasisi, ba sai na sayi lasisi ba. Araha ce ko?

Amsa: Alhaji, kada ka saya. A nan zan ɗan daɗe, domin wannan ce cutar da ta fi damuna a kasuwar kwamfutarmu.

Mu fara da mujallun. Idan irin su Full Circle ne, duk tsofaffin fitowarsu suna shafinsu, kowa zai iya saukewa ba ko sisi. Lasisinsu bai hana mutum ya tara su ya karɓi ladan wahalarsa ba, gaskiya ne. Da ya ce maka, kyauta suke, amma na kashe datata na tara su a filash, ba ni kuɗin wahala, da ban ce komai ba, ciniki ne na halal. Laifinsa shi ne ɓoye maka cewa kyauta ne, ya bar ka kana ganin ka ci riba. Idan kuma mujallun sayarwa ne ya kwafo, to kayan sata yake tallata maka, kuma ko kwabo ba zai kai ga waɗanda suka rubuta ba.

Gyaran da ya yi maka alkawari ya fi mujallun haɗari nesa ba kusa ba. Mun saba, mutum ya sayi laftof ta gwanjo, mai shago ya cika masa ita da manhajoji a matsayin ihsani, ya ƙara da cewa kada ya bari ta sabunta kanta, kuma ya kashe mata riga-kafin bairos in ta yi ƙorafi. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan umarni. An ce ka kori maigadi don baƙo ya shigo da dare, kuma ba ka san abin da baƙon ya ɗauko a jakarsa ba. Ƙaramar manhajar da ake fasa lasisi da ita ba kamfanin da ya ƙera Windows ne ya rubuta ta ba, wani ne da ba ka sani ba, kuma kai da hannunka kake ba ta cikakken iko a kan kwamfutar. Sau da yawa a cikin irinsu ake cusa abin da yake kwashe kalmomin sirri da aka ajiye a burauza. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa manhaja mai tsada ya raba wa duniya, akwai inda yake fanshewa.

Kai kuma shagonka ba naka kaɗai ba ne. Mutane suna kawo maka takardar haihuwa, da sakamakon jarrabawa, da lambar NIN, da hoton fasfo, wani ma ya shiga imel ɗinsa a kwamfutarka ya manta bai fita ba. Amana ce aka ba ka. Ranar da aka shiga asusun wata baiwar Allah aka kwashe mata kuɗi, ba za ta taɓa sanin daga teburinka ɓarnar ta taso ba, kai ma ba za ka sani ba, amma alhakin yana nan. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yawancin masu yin haka ba don rashin mafita suke yi ba. LibreOffice kyauta ce tun 2010, tana buɗe takardun Word da Excel, tana fitar da PDF. Ba zan yaudare ka ba, wani lokaci takardar da aka tsara a Word takan ɗan goce idan an buɗe ta a can, sai ka duba kafin ka buga. CorelDRAW ta yanzu kuwa ba a yi ta don Linux ba, kuma Inkscape da ake maye gurbinta da ita ba kullum take buɗe fayilolinta daidai ba. Idan zanen kati da allon talla ne ginshiƙin shagonka, sayi lasisin gaske na wannan ɗaya, ka lissafa shi cikin jari kamar yadda kake lissafa janareta da tawada. Sauran aikin ka yi shi da na kyauta na halal.

Tambaya, daga wani matashi a Kaduna: Idan na biya kuɗin mujallar Linux na shekara, zan iya kutse cikin wayar mutane?

Amsa: A'a. Kuma da za ta koya maka haka, da ban gaya maka sunanta ba. Leƙa wayar mutum ba da izininsa ba laifi ne a dokar Najeriya ta laifukan intanet ta 2015, kafin ma a zo ga tsoron Allah. Nemi sana'a.

Tambaya, daga wata malamar firamare a Gusau: Ɗana ya ce laftof ɗinmu ta tsufa, Windows ɗinta ya daina samun kariya, ko mu sayi sabuwa ko ya sa mata wani abu wai shi Linux. Ya kuma ce sai na biya masa kuɗin wata mujalla don ya koya. Duk takardun makarantata a ciki suke. Tsoro nake ji.

Amsa: Malama, tsoronki yana kan hanya, kuma yaron bai yi miki ƙarya ba. Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Amma ba lallai ki sayi sabuwa ba. Kafin ya taɓa komai, ki sa shi ya kwafe takardunki duka a filash, ki buɗe su a wata kwamfutar ki gani da idonki sun kwafu, sannan ki adana filash ɗin a wurinki. Bayan haka ya ɗora Linux Mint ko Ubuntu a wani filash daban, ya tayar da kwamfutar daga kansa. Ana iya gwada shi haka ba tare da an goge komai ba. Ki zauna da kanki ki buɗe takardarki ta jarrabawa, ki gwada firinta, ki gwada intanet. In sun yi, a ɗora. In ba su yi ba, a zare filash, komai na nan yadda kika bar shi. Ubuntu 24.04 ya kai kusan giga 6 wajen saukewa, don haka a yi shi inda data take da sauƙi, kuma zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029.

Kuɗin mujalla kuwa, riƙe abinki tukuna. Mai koyo na kyauta sun ishe shi. Akwai LWN, mujallar labaran Linux ta intanet, wadda take aiki tun 1998 kuma masu karatu suke riƙe da ita da kuɗin rajista, amma ita ma bayan mako guda take buɗe rubutunta ga kowa, kuma zurfinta na ƙwararru ne. Idan bayan wata shida kin ga yana karantawa da gaske, har yana gyara na maƙwabta, sai a sake zancen. Allah ya yi masa albarka.

Tambaya, daga wani mai karatu a Maraɗi: Turancina na Ingilishi ba shi da ƙarfi. Akwai amfanin in nemi irin waɗannan mujallu?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa. 'Yan sa-kai suna fassara Full Circle zuwa Faransanci, ita ma kyauta, sai dai takan zo bayan ta Ingilishi. Ka sauke ta daga shafin masu fassarar kai tsaye, kada ka karɓa daga hannun mai cewa sai ka tura masa kuɗi.