Tambaya da Amsa: Shuka a saman dekin, zai yiwu a Kaduna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Gidanmu dekin ne ba mu samu halin ɗora bene ba tukuna, to wallahi da watan Maris ya kama ɗaki sai ya koma kamar tanda, har 12 na dare bango da zafi. Na gani a Facebook Turawa na shuka ciyawa a saman rufi wai tana sanyaya gida, mu ma zai yi mana kuwa?
Maman Ilham, Unguwar Dosa

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Ilham. Zai yi, amma don Allah kar ki kwaikwayi wanda kika gani a Facebook ɗin nan. Yawanci a Jamus aka ƙware a kai, wata 'yar shuka mai suna sedum suke sawa a kan ƙasa mara kauri, su kuma ruwa na sauka musu kusan kowane wata. Mu nan daga Nuwamba har Maris da ƙyar ake ganin ko ɗigo, iskar hunturu ta busar da ƙasar, bazara ta zo ta ƙone sauran, sai ki wayi gari da tsintsiya a saman gida.

Kafin komai ki sa maigida ya kira injiniya ya duba dekin ɗin, wannan ba na wasa ba ne. Jiƙaƙƙiyar ƙasa mai kaurin santimita 10 kacal a murabba'in mita ɗaya ta fi buhun siminti 3 nauyi, ki lissafa na ɗaki guda ki gani, ga shi a Agusta ruwa kwana yake yana zuba. A shafe saman da kwalta ko a shimfiɗa abin hana yoyo, indararo kuma a bar shi a buɗe kullum. Mai rufin kwano dai kar ma ya fara.

Ni abin da na fi so shi ne buhuna ko tsofaffin robobi, a huda ƙasansu a ɗora a kan bulo don ruwa ya riƙa wucewa. Ƙasar ki haɗa ta da buntun shinkafa da garin gawayi da taki, ta fi sauƙin nauyi kuma tana riƙe laima, sannan ki rufe samanta da busasshiyar ciyawa. Ki sa dankalin Hausa da kabewa, ganyensu ne zai yaɗu ya lulluɓe simintin, ai inuwar nan ita ce maganin zafin, kamar dai yadda duma ke hawa rufin bukka a ƙauye. A gefe ki jera alo bera, ita ba ruwanta da fari.

Ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar. Ruwan alwala da na wanke shinkafa a tara shi a bokiti ya ishe ki buhuna da yawa, banda mai omo. Ki fara a watan Yuni da buhu 10 a saman ɗakin da kuke kwana.